Makon da Baba Wasiƙa Yake Mayar da Kaya

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Baba Wasiƙa, kuma ba ta da wani tsayi. In ya yi tari ina ji, in na yi wa matata ƙarya yana ji. Shekara ashirin da biyu ke nan muna haka. Ni faci nake yi a bakin titi, ƙarƙashin bishiyar da ke kallon tsohon ɗakin karatu. Shi kuwa tun da ya ajiye aikin raba wasiƙu ya zama sakataren ƙungiyar tarihin garinmu. In ka ji an ce ƙungiya kada ka ɗauka wani taron jama'a ne. Su bakwai ne. Biyu sai an yi musu ihu suke ji, ɗaya kuma sai jikarsa ta ɗauko shi a mota.

A wurin aiki ya samo sunan. Shekara talatin da ɗaya yana kan keke, jaka a kafaɗa, rana da ruwa. Tayar kekensa ta baya na san ta fiye da fuskar surukata, don akwai lokacin da facin da ke jikinta ya fi robar yawa. Har yau in yana tafiya a ƙasa idonsa na kan lambobin gidaje. In ka gaishe shi, da lambar gidanku zai amsa maka: “Lafiya lau, arba'in da shida, ya yara?” Rigarsa kullum a goge take, da biro biyu a aljihu, ja da shuɗi. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce ita agogo aka aura mata ba mutum ba. 'Ya'yansa uku duk suna wasu garuruwa, kowanne ya yi ya yi da shi ya koma wurinsa, Baba ya ce shi yana da ofis.

Yadda abin ya fara kuwa, a shekararsa ta ƙarshe a aiki ne. Ya kai wasiƙa wani gida ya tarar an sayar da gidan, ana ta kwashe kaya. A kan bola, cikin tsummokara, ya hangi wani hoto: ma'aikatan da suka gina gadar garin nan, mutum goma sha tara a jere, kowa riƙe da shebur. Ya ɗauka ya goge da hannun riga. Da la'asar ya leƙo ta katanga ya miƙo mini.

Na ce, “Baba, tun ba a sallame ka ba har ka fara tsince-tsince?”

Bai kula ni ba. Ya ce, “Na ukun nan daga hagu, kakan mai kemis ne. Dubi kunnen.”

Na duba. Wallahi kunnen ne.

Daga nan ya tattara tsofaffin abokansa, suka naɗa tsohon hedimasta shugaba, suka rubuta wa ofishin da ke kula da irin waɗannan abubuwa. Ofis ya ba su wani ɗaki a bayan ɗakin karatu, mai taga ɗaya da kanta huɗu, da ɗan tallafi duk shekara na kuɗin wuta da maganin gara da toshe rufi in ya yi yoyo. Sai dai ɗaki ba kaya. Baba ya bi gida-gida yana roƙon tsofaffin abubuwa, aka yi ta ba shi haƙuri. Mutanenmu ka san su. Abin da mutum zai jefar a bola da hannunsa, in ka ce ya ba ka, nan take ya zama gadon kaka.

Shi ne ya fito da tsarinsa. Ya ce ba kyauta yake nema ba, aro yake nema. Duk abin da aka ba shi zai rubuta a babban littafi da lambar gidan, kuma duk shekara, a makon farko na wata na uku, zai mayar wa kowa da kayansa har ƙofar ɗaki. Kaya su sha iskar gida. Wanda ya ga dama ya dawo da su, wanda bai ga dama ba shi ke nan. Doka ɗaya ya kafa wa kansa da 'yan ƙungiya: ba a zuwa tambaya, ba a aika ɗan saƙo, ko a hanya aka haɗu ba a tuna wa mutum. In wata uku ya wuce abu bai dawo ba, sai ya ɗauko rula da jan biro ya ja layi, ya rubuta a gefe, “Ya zauna a gida.”

Ni dariya na yi. Na ce shekara ɗaya za a yi ɗakin ya koma wurin kwanan ƙadangaru. Ashe ni ne ban san mutane ba. Kaya suka riƙa dawowa, har da waɗanda ba a taɓa bayarwa ba. Kuma ba sa dawowa hannu rabbana. Wannan ya haɗo da 'yar ambulan, wancan da gwangwanin fenti, wata da ƙwan lantarki biyu. Rabin abin da ƙungiyar take ci a shekara daga nan yake fitowa, rabi daga ofis. Ni kuma amalankena ce motar ƙungiya. Ladana kofin shayi, da faɗa in na shiga rami.

To bana aka canza mai kula da tallafi a ofis. Aka aiko takarda cewa sabuwar jami'a za ta zo ta ga aikin ƙungiya da idonta kafin a sa hannu a na wannan shekarar. A ƙasan takardar akwai gurbi: a rubuta makon da aikin ƙungiya ya fi kankama, don ta zo a cikinsa. Baba ya cika da shuɗin biro, ya kai akwati da kansa. Sai da aka kwana huɗu ya leƙo ta katanga yana gaya mini, har da ɗan murmushi.

Na ce, “Wane mako ka rubuta?”

“Wane mako kuwa? Makon mayar da kaya mana. Akwai makon da ya kai shi aiki?”

“To in ta zo me za ta gani?”

“Aiki.”

“A cikin ɗakin, Baba. Me za ta gani a cikin ɗakin?”

Na daɗe da sanin mutumin nan, ban taɓa ganin ya tsaya kamar an zare masa batir ba sai ranar. Na ce ya rubuta wata ya canza rana. Ya ce wasiƙar da ta shiga akwati ba a kiranta ta dawo, kuma shi ba ƙarya ya rubuta ba. Na ce to a ɗaga mayar da kayan da mako guda. Ya kalle ni kamar na ce ya fita ba wando. Shekara goma sha huɗu bai taɓa saɓa ranar ba, akwai gidajen da tun jajibiri suke share wurin da za a ajiye.

Litinin da Talata muka raba kaya tamanin da huɗu. Ranar Laraba da hantsi wata ƙaramar mota ta tsaya a gaban ɗakin karatu, wata mata mai tabarau ta fito rungume da fayil. Ba za ta wuce sa'ar 'yar Baba ta tsakiya ba. Na bar tayar wani mai babur a cikin ruwa na bi bayanta, don irin wannan kallo ba a ba ka labarinsa.

Baba ya buɗe mata ƙofa. Ɗaki fes, an share an goge. Kanta huɗu, ba komai a kai sai ƙananan katuna masu lamba, kowanne a tsaye a gaban wurin da babu abinsa.

Ta duba dama, ta duba hagu. Ta ce, “Baba, ko ba nan ba ne?”

“Nan ne, ranki ya daɗe.”

“Rahotonku ya ce kaya tamanin da huɗu.”

“Haka ne.”

“Suna ina?”

“Sun je gida.”

Ta juyo ta kalle ni, wai ko zan fassara mata. Na ce, “Hutun shekara suka tafi, Malama. Ni na kai su tasha.” Baba ya harare ni, sannan ya buɗe babban littafin ya yi mata bayani tun daga farko, a tsanake, kamar mai karanta adireshi. Ta saurara har ya gama. Ba ta da wulaƙanci, wannan kam zan faɗa. Amma ta gaya masa gaskiya: akwai wani sashe a ofis da ya daɗe yana neman ɗakin nan don ajiye kujeru da rumfunan taro, kuma in ta koma ta ce ta tarar da kanta babu komai, ba tallafin kaɗai zai tafi ba, har makullin.

Baba ya gyara biron aljihunsa. Ya ce, “In kina da ƙafa, zo ki ga kayan.”

Muka fita mu uku. A lamba goma sha ɗaya ta ga agogon bangon tsohuwar tashar mota, a falon ɗan direban da ya tsamo shi ranar da aka rushe tashar. Ya rataye shi sama da talabijin, yana ta bai wa baƙinsa labari, rabi gaskiya rabi gishiri. A lamba talatin ta ga sikelin farko da aka kawo kasuwar garin, matar gidan ta ɗora jaririyarta a kai ana ta shewa. Ta ga ƙararrawar makaranta, ta ga akwatin ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin layinmu. Duk inda muka shiga tana rubutu, amma fuskarta ba ta nuna komai.

Gida na ƙarshe na Matar Tela ne. Mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce, shi ne ya fara kawo keken ɗinki garin nan, irin wanda ake juyawa da hannu. Tun daga soro muke jin ƙararsa. Muka tarar da ita a tsakar ɗaki ta baje, gwangwanin mai a gefe, tana ɗinka rigar filo.

Ta ce, “Wasiƙa, lafiya? Jiya-jiya ka kawo shi, yau ka biyo sawu?”

“Baƙuwa na kawo miki, Yaya. Daga ofis.”

“Sannu da zuwa, 'yata. Zauna nan, ture tsummokaran. Kai kuma Mai Faci tsaya daga bakin ƙofa, kada ka shafa mini baƙin mai a labule.”

Jami'ar ta tambaye ta ko keken yana aiki. Ta ce, “Ya fi ni lafiya. Duk shekara in ya zo sai na ɗinka abu ɗaya a kansa. Ji ƙararsa. Haka maigidan yake, ba ya shiru sai ya yi barci.”

“To Inna, me ya sa kike mayar da shi can?”

“In ya zauna nan shekara, jikoki za su kwance shi su sayar wa masu gwangwan. Can kuwa ana goge shi, 'yan makaranta suna zuwa suna karanta sunan mai shi. Kuma na san zai zo.” Ta ci gaba da juya hannu.

Jami'ar ta rufe fayil ta ɗora a cinya. Sannan ta ce, “Baba, na gani, kuma na yarda. Amma takardar nan ba ta da gurbin da zan rubuta cewa kaya suna gidan masu su. Abin da na ƙirga a ɗakin shi zan rubuta. Ranar Talata ake zama a kan maganarku. Zan dawo Litinin da ƙarfe goma, abin da na tarar shi ke nan.”

Kwana biyar. Kayan da a kowace shekara sai su yi wata biyu suna dawowa ɗaya-ɗaya.

A hanyar komawa na ce, “Baba, abu mai sauƙi. Gobe in ɗauko amalanke, ka riƙe littafi, kafin Asabar mun kwaso komai.”

“A'a.”

“To ni in je ni kaɗai. Ni ba ɗan ƙungiya ba ne.”

“Amalanken ta ƙungiya ce a idon mutane. Kuma bakinka ma ka rufe shi. Ko mutum ɗaya ka gaya wa, ban yafe ba.”

Da yamma Hedimasta ya zo har gida, ina jin su ta katanga. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce doka su suka kafa ta, su ke da ikon ɗage ta na shekara ɗaya. Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, na gaya wa mutanen nan kayansu ne, in sun so su riƙe. Ranar da na buga ƙofa na ce a ba ni, sun gane ashe da ma wasa nake musu. Ɗaki in an karɓe, an karɓe. Ni dai ba zan je ba.” Hedimasta ya fita yana buga sanda a ƙasa.

Kwanakin nan huɗu su ne mafi wuya a rayuwata. Mutum ya kawo faci, na san akwai kaya mai lamba kaza a ɗakinsa, magana ta zo mini har maƙogwaro in haɗiye ta. Matata ta ɗauka ciwon haƙori nake. Baba kuwa ƙarfe takwas yake buɗe ɗaki kamar kullum, ya share abin da ba ya buƙatar shara, ya zauna a kujera a bakin ƙofa, littafi a cinya. Daga inda nake ina ganinsa. Duk wanda ya ɓullo daga kwana riƙe da ƙunshi sai ya ɗan miƙe, in mutumin ya wuce ya koma ya zauna. Alhamis abu uku suka dawo. Juma'a biyu. Asabar da Lahadi aka samu tara. Na kai masa shayi ya huce a gefensa bai taɓa ba. Ranar Lahadi na gan shi yana auna taga da ido, yana duba kantocin, na san lissafin inda zai kai su yake in an ce ya fita. Ko tsokanarsa ban iya yi ba.

Litinin ina kafa kwanon ruwana wajen ƙarfe takwas, sai ga ɗan direba rungume da agogo kamar jariri. Bayansa matar lamba talatin, sikeli a ka. Kafin in gama hura taya ɗaya layin ya cika: wannan da akwati, wancan da hoto a cikin zani, mutum biyu suna rarrafe da ƙararrawa a kan babur. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓa, yana kiran lamba. Da ya samu sarari ya taho wurina kai tsaye.

“Kai ne?”

“Baba, na rantse da abin da zai kashe ni, kwana huɗu ban yi magana ba. Tambayi matata, har kemis ta je.”

“To wa?”

“Ni ce,” in ji Matar Tela daga bayansa. Ta taho a hankali, wani maƙwabcinta ɗauke da keken ɗinkin. “A ɗakina yarinyar nan ta faɗa, da kunnena na ji. Na fita gaishe-gaishe, laifi ne? Gida talatin na shiga, ƙafata har yanzu ba tawa ba ce.”

“Yaya, dokar ƙungiya...”

“Dokarku ce, ku bakwai. Ni na ce wa wani ya kawo? Labari na bayar. Kai Wasiƙa, matsa mini in wuce, rana tana dukana.”

Ƙarfe goma daidai jami'ar ta iso. Ta fara ƙirga, ta kai ashirin da wani abu aka shigo da wasu, ta koma farko. Sau uku tana komawa. A na ƙarshe ta ce a rufe ƙofa minti goma don Allah. Saba'in da ɗaya ta samu. Ta tambayi sauran goma sha ukun, Baba ya ce lokacinsu bai cika ba, suna da sauran wata uku. Ta rubuta saba'in da ɗaya, ta sa hannu, ta juya masa takardar shi ma ya sa. Ta ce ba ita ke yankewa ba, amma da wannan a hannunta ba wanda zai kawo kujera ɗakin nan bana. Haka kuwa aka yi, bayan kwana tara takardar tallafin ta iso.

Abin da aka saba haɗowa da kaya bana bai taka kara ya karya ba, don mutane a gurguje suka fito, da yawa hannu biyu kawai suka zo da shi, suna ta ba da haƙuri. Mai kemis, wanda shi ne ma'aji, ya ce fenti sai baɗi. Baba ya ce bango ba ya gudu.

Da jama'a suka watse na leƙa ɗakin. Kowa ya ajiye nasa inda hannunsa ya kai. Sikeli a wurin hotuna, akwatin ungozoma a kan katin ƙararrawa, agogo a jingine a ƙasa yana kallon bango. Baba yana tsaye a tsakiya, hannu a ƙugu.

Ya ce, “Dubi ɓarnar da suka yi mini. Wannan sai na yi wata ina gyarawa.”

Na ce, “To a kira masu kujeru su karɓa mana, ka huta.”

“Rufe mini baki. Je ka wanke hannunka da sabulu ka zo ka kama mini sikelin nan, a kanta ta biyu yake zama.”